Ranar da Kafinta Ya Kira Ta Rufa

Duk wanda ya yi aiki a masaƙar nan ta bakin layin dogo kafin a rufe ta ya san Mai Tuni. Ainihin aikinta buga tafireta ne a ofishin manaja. Ita ke karɓar wasiƙu daga hannun mai kawo su, ta rarraba, ta buga amsar da aka ce ta buga. Amma ba da wannan aka san ta ba. An san ta ne da wata 'yar kujera mai ƙafa uku da take zama a kai a bayan labule, ranar da ma'aikata ke wasan kwaikwayo a zauren cin abinci. Littafin wasan na kan cinyarta, yatsanta na bin layi. Da ɗan wasa ya yi tuntuɓe da magana, kafin 'yan kallo su farga ta jefa masa kalmar cikin raɗa, ya cafe ya ci gaba. Shekara ashirin da shida tana wannan, ba ta taɓa taka dandamalin ba ko sau ɗaya.

Wasa ɗaya suke yi kowace shekara, ranar Asabar da yamma, bayan an tashi aiki an ture teburan cin abinci gefe. Tsohon wasa ne. Wani hedimasta mai ritaya ya zo da shi a littafin da bangonsa ya yage, har ba a san wanda ya rubuta shi ba. Ita ta sake buga shi da takardar kabon, kwafi tara, na ƙarshen sai an kai shi bakin taga ake iya karantawa.

Ran da aka fara raba sunaye, Hedimasta ya hana kowa buɗe takardarsa.

"Kafin ku haddace magana, ku saurari sunan tukuna," in ji shi. "Mutanen da can ba sa ba ɗan wasa suna don daɗin baki. Sunan shi ne aikinsa. In kun ji shi da kyau, kun gama rabin haddar."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwai Dogara, mai kwale-kwale, wanda duk gari ya dogara da shi wajen haye kogi. Akwai 'yarsa Sanyi, wadda ba ta shiga ɗaki ana faɗa ta fita ana yi. Akwai ɗansa Tafe, wanda ya haye kogin neman aiki, kullum ana cewa yana tafe, har a rufe labule bai shigo ba.

"Wannan kam ya hutar da mu," Hedimasta ya ce. "Ba sai mun ɗinka masa riga ba."

Akwai maƙwabci, Haɗama. Wani bakanike aka ba, ya ɓata rai ya ce ko da wata manufa aka zaɓe shi. Hedimasta ya ce, "Ni ban ce komai ba, amma jiya na ga kwanonka." Zauren ya fashe da dariya, kuma har bakaniken nan ya bar duniya ba a sake kiransa da wani suna ba.

Sai kuma Rufa, ƙanwar Dogara, mai riƙe masa gida. Ita ce wani matafiyi ya ba takarda daga Tafe, cewa yana kwance ba lafiya a tsallake, yana kiran ubansa. Kogi ya kawo ruwa, ta san in yayanta ya ji zai shiga ko da zai halaka. Sai ta ajiye takardar a ƙasa ta kifa kwano a kai. Dogara ya dawo ya ce, "Rufa, wa ya zo?" Ta ce, "Ba wanda ya zo." Daga nan har ƙarshen wasan kwanon yana nan a tsakiyar dandamali, Dogara yana kai da komowa a gefensa, 'yan kallo suna ihu suna cewa ya ɗaga, shi kuwa bai taɓa ɗagawa ba. Nas ɗin asibitin masaƙa aka ba wannan.

Dogara kuwa kafintan masaƙa ne ya ɗauka. Dogon mutum ne mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana a wurin aiki, amma in ya hau dandamali ya kira sunan ɗansa, sai ka ji kamar da gaske akwai kogi a bayan bangon. Mata na share hawaye da gefen mayafi, maza na yin kamar wani abu ya faɗa musu a ido. Ba ya mantuwa. Shekara biyu Mai Tuni ba ta jefa masa ko kalma ɗaya ba. Sai a ta uku ya fara tsayawa a wuraren da ta san ya sani sarai, yana waiwayen labule. Bayan wasa ta ce masa, "Malam, mantuwar nan taka da ganganci ce." Ya ce, "To in ban manta ba, yaushe zan ji muryarki?" Kafin shekara ta zagayo an yi aurensu. Shi yana kiranta 'Yar Ofis, ita tana ce masa Maigida.

Suna da ɗa namiji ɗaya, tana ɗauke da cikin na biyu, wasu mutum biyu daga gidan rediyon babban birni suka zo kallon wasan. Bayan an tashi suka ja Kafinta gefe, suka sa ya maimaita wasu wurare cikin na'urarsu, suka ce murya irin tasa suke nema, za su rubuto. Ya dawo gida ranar yana tafiya kamar ƙasa ba ta ɗaukarsa. Ya ɗaga yaron sama, ya ce, "Za ka ji babanka a cikin akwati."

Bayan sati uku wasiƙar ta zo, cikin tarin wasiƙun ofis, da hatimin gidan rediyon a kusurwa. Ta buɗe. Sun ɗauke shi, ya bayyana cikin sati biyu, in bai zo ba za su ba wani.

Ta daɗe zaune da takardar a hannu. Ubanta ma haka ya tafi birnin nan tana 'yar shekara shida, da alkawarin zai aiko a ɗauke su. Ya aiko da takalma sau ɗaya. Daga baya suka ji yana da wani gida can, da wasu 'ya'ya. Ta tuna uwarta tana shara a ƙofar gida da safe, tana share wuri ɗaya, idonta na kan hanya. Manaja ya kira ta daga ciki. Ta ɗaga tafireta ta tura wasiƙar ƙarƙashinta, ta ce a ranta sai an tashi aiki ta ba mijinta.

Da aka fita cin abincin rana sai ga Kafinta a tagar ofis, ƙurar katako a gashinsa.

"'Yar Ofis, akwai?"

"Babu," ta ce. Ita kanta ba ta san lokacin da kalmar ta fita ba.

Ta ce gobe. Gobe ta yi, ta ga in ta ba shi zai ga kwanan watan da ke jiki, ya tambaye ta. Ta ce bari ta samu yadda za ta faɗa. Sati biyun suka cika tana neman yadda za ta faɗa. Shi kuwa wata uku cur yana zuwa tagar nan, kullum tambaya ɗaya, kullum amsa ɗaya, har masinja ya fara yi masa tsiya. Wata rana bai zo ba. Da yamma ya ce mata, yana wanke hannu, "Da alama sun samu wanda ya fi ni." Ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Washegari ta cusa wasiƙar cikin tarkacen takardun da ake kaiwa a ƙone.

Ba za a ce sun yi mummunan zama ba. Kafinta bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ya yi mata gado da kabad da kujerar girki daidai tsawonta. Da aka haifi Auta shi ke goyon ta a kafaɗa yana zagaya tsakar gida in ta ƙi barci. Abu ɗaya ne ya canza, wanda ba mai lura sai ita: in aka sa wasan kwaikwayo a rediyo, sai ya tashi ya ce zai duba wani aiki a waje.

Duk shekara kuma sai an yi wasan. Nas mace ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, tana riƙe sunayen magunguna ɗari, amma wuri ɗaya ya zame mata ƙarfen ƙafa. In Dogara ya ce, "Rufa, wa ya zo?" sai ta tsaya baki buɗe. Tana cewa kallon da yake mata ne ke kwashe mata maganar. Dole Mai Tuni ta matso da baki jikin labule ta raɗa, "Ba wanda ya zo." Taku huɗu ne tsakaninta da mijinta. Kowace shekara sai ta kwana uku ba ta jin daɗin abinci bayan wasan, 'ya'yanta suna cewa gajiya ce.

Hedimasta ya rasu, aka ci gaba. Masaƙa ta fara rage ma'aikata, aka ci gaba da waɗanda suka rage, mutum ɗaya na yin biyu. Da aka sa kwaɗo a ƙofar masaƙar, wasan ya mutu tare da ita. Kafinta ya kafa rumfa a ƙofar gida yana gyaran kujeru da tagogi. Mai Tuni ta zo da tsohuwar tafireta gida tana buga wa mutane takardun neman aiki, har zamani ya wuce da ita. Ɗansu ya zama direban babbar mota, sai a yi wata biyu ba a gan shi ba. Auta ta zama malamar makaranta, ta yi aure layi biyu daga gidansu. Mai Tuni ta ɗauka abin ya wuce. Takan yi shekara ba ta tuna wasiƙar ba.

Kafinta yana da shekara saba'in da ɗaya aka fara ganin alamun ciwon. Ya auna katako ya yanka, ya sake aunawa ya sake yankawa, har ƙafar tebur ta koma ta kujerar yara. Wata rana aka nemi tef ɗin awonsa aka rasa, sai ga shi a cikin butar shayi. Ya fita sayen ƙusa a shagon da ya yi shekara goma yana zuwa, wani mai keke ya dawo da shi daga bayan tasha. Likita ya ce ciwon mantuwa ne irin na tsufa, ba ya warkewa, sai dai a yi ta lallaɓawa. Suka kwashe zarto da duk wani abu mai kaifi daga rumfar, suka bar masa takardar goge katako da 'yan guntaye.

Sunaye ne suka fara zubewa. Sai ya dubi jikansa ya yi murmushi, bakinsa na motsi, ba abin da ke fita. Amma abin mamaki, wasan bai zube ba. Yana zaune yana goge katako sai ka ji ya ɗauko magana daga tsakiyar fitowa ta biyu, ya kai ta har ƙarshe ba tuntuɓe, da muryar nan da tsufa bai taɓa ba. Masu wucewa sukan rage tafiya.

Daga nan sai ya fara raba wa mutane sunayen wasan. Auta ta shigo wata rana ta tarar yana faɗa da maɓallin rigarsa, ta ɓalle masa ta sake ɓallawa daidai, ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Sanyi, kin zo." Auta ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Umma, kin ji? Ni ce Sanyi. Wallahi a faɗa wa mijina, shi da yake cewa na cika faɗa." Wanzamin da ke zuwa yi masa aski, mai son a ba shi shayi kofi biyu, ya zama Haɗama. Kowa ya yarda tsohon bai yi kuskure ba. Ya zama abin raha a gidan, ana cewa Baba ya manta sunan kowa amma bai manta halin kowa ba.

Mai Tuni ba ta dariya. Ita bai ba ta suna ba. Wata huɗu yana ce mata "ke", ko ya taɓa hannunta kawai. Ta riƙa yin kaffa-kaffa in za ta shiga inda yake, kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Ranar wata Talata ce, da hantsi. Auta ta biyo kafin ta wuce makaranta. Mai Tuni ta kawo masa shayi da burodi a rumfa. Ya ɗago kai ya dube ta, idonsa tar, babu hazon nan da ta saba gani a ciki.

"Rufa," ya ce, "wa ya zo?"

Shayin ya zubo mata a yatsu ba ta ji zafi ba. Ta tsaya.

"Umma, ki amsa masa mana," in ji Auta tana gyara jaka a kafaɗa. "Ke da kika fi kowa sanin littafin."

Ta san amsar. Sau ashirin da wani abu ta raɗa ta. Ta ajiye kofin a kan benci ta koma cikin gida, ta shiga ɗakin girki ta tsaya ta dafa bango. Auta ta biyo ta.

"Haba Umma, kada ki sa wannan a ranki. Mata biyu ne kaɗai a wasan. Ya riga ya ba ni ɗaya, wanne ya rage? Da akwai ta uku da ita zai ba ki."

"Haka ne," ta ce. "Jeki, kada ki makara."

Maganar Auta gaskiya ce, kuma ta yi ta nanata wa kanta ita. Mata biyu ne. Mutumin da ke sa tef a buta, me ya sani? Amma sai ta tuna wanzami, ta tuna yadda kowa ya ce tsohon bai yi kuskure ba.

Daga ranar sunan ya zauna. Rufa, ba ni ruwa. Rufa, rana ta yi zafi. Ba da fushi yake faɗa ba, da taushin murya ne, yadda dā yake cewa 'Yar Ofis. Wannan ya fi damunta. Ya juya kujerarsa ta fuskanci hanya, tun safe har la'asar yana kallon masu zuwa. In an tambaye shi sai ya ce Tafe yake jira. Auta ta buga wa yayanta waya ta ce ya zo, Baba shi yake nema. Direban ya ajiye mota ya yi kwana guda a hanya, ya durƙusa gaban uban ya ce, "Baba, ga ni." Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, ya shafa kansa, ya ce, "Sannu, bawan Allah. Ba kai ba ne." Ya leƙa ta bayan kafaɗarsa ya ci gaba da kallon hanya. Ƙaton mutum mai 'ya'ya huɗu ya zaga bayan gida yana kuka. Uwar ta bi shi tana ba shi haƙuri, tana cewa ciwo ne. Ba ta iya faɗa masa cewa ita tana zaton ba mutum uban yake jira ba.

Sai ya shiga wani sabon abu. Ta fito daga wanka wata rana ta ji ƙarar kwanoni a ɗakin girki. Ta tarar da shi tsaye gaban inda take kife su in ta wanke. Yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa ƙarƙashi, ya mayar a hankali, ya ɗauki na gaba. Ya gama da kwanoni ya koma tukwane, ya koma bokiti, har murfin tulu. A wasan Dogara bai taɓa ɗaga kwanon ba. Shekara ashirin da shida ana yi masa ihu ya ɗaga, bai ko dube shi ba. Wannan ba ya cikin littafi.

"Maigida, me kake nema?"

Ya waiwayo ya yi mata murmushi kamar yaron da aka kama, ya fita.

Ta daina kife kwanoni. Tana wanke su ta jera su baki sama, ƙura na shiga, ta sake ɗaurayewa kafin a ci abinci. Auta ta ce, "Umma, ke ma kin fara ne?" Bai hana shi ba. Yakan ɗaga matashin kai, ya ɗaga tabarma, wata rana ta gan shi yana ƙoƙarin ɗaga tsohuwar tafireta da ke kan kabad. Ranar ta zauna a bakin gado ta kasa tashi har aka kira sallah.

Ta rame. Maƙwabta suna cewa jinya ce ke cin ta, suna yaba mata, suna cewa samun mace irinta sai an tona. Kowane yabo sai ta ji kamar an ɗora mata bulo a ƙirji.

Wata rana da yamma, gari ya haɗa hadari, layin ya yi tsit, ta ɗauko kujerarta ta zauna kusa da shi a rumfa. Yana goge wani guntun katako da ya riga ya yi sumul tun makon jiya.

"Maigida," ta ce, "akwai wanda ya zo."

Hannunsa bai tsaya ba.

"Mutanen rediyo sun rubuto. Sun ɗauke ka. Ni na karɓi takardar, na sa ta ƙarƙashin tafireta, kana zuwa taga ina ce maka babu. Daga baya na kai aka ƙone. Tsoro na ji, Maigida. Na ga kamar in ka tafi ba za ka dawo ba. Ba wanda ya fi ka, ƙarya ce, kai suka zaɓa."

Ta faɗi duka, har kwanan watan, har kalar hatimin. Shekara arba'in da ɗaya maganar na cikinta, ta fita cikin abin da bai kai minti biyar ba. Ta jira. Ya daina gogewa, ya hure ƙurar da ke kan katakon, ya dube ta da ɗan damuwa, irin kallon da ake yi wa sabon ɗan wasa.

"Ba haka layin yake ba," ya ce. "Sake."

Ya jira ta kaɗan, sannan hankalinsa ya koma kan hanya, inda wani mai babur ya rage gudu gaban gidan ya wuce. Ruwa ya fara sauka. Ta kama hannunsa ta shigar da shi ciki.

Wata biyu bayan haka ya rasu, da hantsi, a kan kujerar, takardar goge katako a hannunsa. Ita ta fara gani, ta zo ɗaukar kofi.

Sai da mutane suka ɗauke ƙafa Nas ta zo gaisuwa. Ta tsufa, tana dogara sanda, 'yarta ta sauke ta a mota ta ce za ta dawo ɗaukarta. Su biyu kaɗai suka rage cikin 'yan wasan. Suka zauna a tsakar gida suna lissafa waɗanda suka tafi, suna dariyar Haɗama, Nas na share ido.

"Mutumin kirki," in ji Nas. "Kin san har yau ina jin haushin mutanen gidan waya saboda shi?"

"Gidan waya?"

"Au, bai taɓa faɗa miki ba? To, ya hana ni ne, amma yanzu me ya rage. Shekarar da kika haifi Auta, ko ta bayanta, motar masaƙa ta je birni ɗauko katako, ni kuma na bi su karɓo magunguna. Muna cikin gari ya roƙi direba ya tsaya a ƙofar gidan rediyon nan. Ya ce shi dai yana so ya ji inda ya gaza. Ya shiga, muka yi ta jira cikin rana. Da ya fito na ce yaya? Ya ce, sun ce sun rubuto tun bara, sun jira ni har sati biyu. Na ce ina suka aika? Ya ce ofishinmu. Ni kuwa na dinga zagin masu kai wasiƙa, na ce wallahi mu je mu kai ƙara. Muka kama hanya muka fita gari. Can ya ce, Nas, bar maganar nan a motar nan, kada a kori wani daga aiki a banza. Kin ji mutum! An yi masa asarar rayuwa, shi yana tausayin masinja."

Mai Tuni ta ji kunnuwanta sun toshe. Ta ji muryarta daga nesa tana tambaya, "Bai ce komai ba kuma?"

"Ko uffan. Sai da muka zo wata kasuwa a hanya ya sa aka tsaya, ya sayo wa jaririyar takalma. Jajaye. Na ce masa sun yi mata girma, ya ce za ta girma ta same su."

Ta tuna takalman. Ta tuna ya shigo da su da yamma a cikin takarda, ya ajiye mata a cinya, ya tambaya ko akwai ruwan wanka. Ta yi masa tsiya a kan girmansu, ya yi dariya. Ya ci abinci ya ƙara. Ta bi ranar nan a zuciyarta daga shigowarsa har kwanciyarsa, tana neman wuri ɗaya da fuskarsa ta nuna wani abu, ba ta samu ba.

Motar 'yar Nas ta yi ƙaho a waje. Mai Tuni ta raka ta har bakin hanya, ta riƙe mata sanda ta shiga, suka yi alkawarin ziyara wanda duk su biyun sun san da wuya. Da ta dawo ta tarar Auta ta zo da abinci a kwano.

"Umma, lafiya? Kamar kin ga wani abu."

"Kin tuna wasu jajayen takalma da kike da su kina ƙarama?"

Auta ta yi tunani ta girgiza kai. "A'a. Wa ya saya mini?"

"Babanki."

"Allah sarki, Baba," in ji Auta, tana buɗe kwanon. "Zo ki ci tun da zafi."

Yanzu a gidan Auta take zaune, a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Ta ba da rumfar ga wani mai gyaran keke. Da yamma jikoki kan kawo mata littattafan makaranta su yi karatu a gabanta, in sun kakare ta faɗa musu kalmar ba tare da ta duba ba. Mutanen layin suna cewa tsohuwar ba ta da matsala, ba ta shiga harkar kowa. Mijin Auta ne kawai ya lura cewa takan tsaya a tsakiyar abin da take yi, tsintsiya ko cokali a hannu, ta daɗe tana motsa baki kamar mai yi wa wani bayani. Ya tambayi matarsa ko a kai ta asibiti a duba. Auta ta ce a ƙyale ta, kewa ce, shekara arba'in da biyar ba wasa ba.